Ranar da Na Je Sasanta Taubasai

Shekarar da na fara koyarwa a sabuwar jami'a, ana tsakiyar mulkin soja da kuɗin fetur, ina bincike kan yadda ma'aurata ke sarrafa fushi. Na sha karatu har na ɗauka babu zuciyar da ba zan iya sanyayawa ba. Shugaban sashenmu ya ce sai na kawo shaidar gida ɗaya da na sasanta, in ba haka ba binciken ya tsaya.

Sai na tuna maƙwabtanmu na Ƙofar Atiku, Alhaji Bello mai hatsi da matarsa Inna Kulu. Kullum ina jiyo su ta katanga.

"Marowaci!" in ji ta.

"Yi mini shiru, baiwata!" in ji shi.

Har hawaye na taɓa yi mata.

Na shiga da rakoda, na zaunar da su a tabarma, na sassauta murya. "Baba, Inna, ku lumshe ido, ku ja numfashi."

Suka lumshe. Can sai kafaɗar Inna ta fara rawa. Na ce a raina, ga kukan waraka ya zo. Ashe dariya ce.

"Ɗiyata, taubasai muke," in ji Alhaji. "Ubana da uwatta ciki guda sunka hito. Shekara arba'in muna wasanga."

Ni ce na fashe da kuka, tsofaffin suka rarrashe ni da fura. Kaset ɗin da zan kai wa shugaban sashe babu komai a ciki sai ƙyalƙyala da shessheƙata.

Tun daga ranar nan, ko zakaru ne suka kaure da faɗa a unguwa, sai Inna ta ɗaga murya: "A kira Malama ta sa su lumshe ido!"