Koken Mai Fatsa Kan Ƙwallayen Da Ruwa Ya Tafi Ya Bari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Raba Gardama Tsakanin Ruwa da Tudu, mai hatimi biyu, mai kujerar da ko sau ɗaya ba ta taɓa jiƙewa ba, Allah ya ƙara wa alƙalaminka tawada.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukan takardun da ke barci a kan teburinka, ni ne Holmirza Eshkuvatov na ƙauyen Yongokli, tsohon direban motar ɗaukar auduga, wanda ya ajiye sitiyari ya koma bakin dam da sandar fatsa shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa ba, don mahaifina ya sha gaya mini cewa wanda ya tuna wa hukuma da kansa shi ya jiyo. Amma tura ta kai bango, ranka ya daɗe.

Kafin in jero koke-kokena, bari in gaya maka abin da na saka a wuyana. Mu goma sha biyu ne muke wani zaman abokai da muke kira gap a rumfar shayin ƙauye, kowane wata mutum ɗaya ya ciyar da sauran. A zaman watan Yuni, bayan na take cikina da osh, dafa-dukar shinkafarmu da nama, har hankalina ya ɗan yi nisa, sai Norkul, abokina tun muna firamare, mai baki kamar reza, ya dube ni a gaban jama'a ya ce, “Holmirza, shekara uku kana zuba wa kifin nan masara. Kai wai fatsa kake yi ko kiwo? Da rago ne ai da mun yi layya da shi sau uku.” Kifin da yake nufi wani ƙaton sazan ne da ke zaune a lungun da nake fatsa. Muna kiransa Rais, kamar shugabannin gonakin gwamnati na da, saboda yana cin na kowa kuma ba a taɓa kama shi ba. Aka fashe da dariya, zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki gurasa na sumbata na ɗora a goshi, na rantse cewa ranar Asabar ta farko a Satumba, ranar da zagaye zai zo kaina, Rais zai kwanta a faranti, kamun ƙugiyata ni kaina. In kuwa ban cika ba, in miƙa wa Norkul sandata in bar fatsa har abada. Ka san rantsuwa da gurasa ba abin wasa ba ce, ko da yake baki shi ke yanka wuya.

Na ɗaya, maganar ƙwallaye. Dokarka mai lamba goma sha bakwai ta ce a jera jajayen ƙwallayen roba a kan ruwa, mita ɗari daga gaɓa. Daga gaɓa zuwa ƙwallaye na masu fatsa ne, daga ƙwallaye zuwa can na masu babur ɗin ruwa. Doka ce mai kyau, wallahi har tafi muka yi mata. Sai dai ma'aikatanka masu hazaƙa sun yi awonsu a watan Yuni, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ta narke dam ya cika ya batse, suka ɗaure kowace ƙwallo da sarƙa a jikin bulo na siminti, suka ɗauki hoto suka tafi. Ko jaririn Yongokli ya san cewa da Agusta ta kama ana buɗe ƙofofin dam a shayar da gonakin auduga, gaɓarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yakan ja da baya fiye da mita ɗari biyu. Ruwa ya tafi, ƙwallaye suka tsaya inda doka ta ajiye su. Yanzu haka suna kwance a kan busasshiyar laka, awakin ƙauye na sosa jikinsu da su. Shin ruwan ne ya karya doka da ya tafi ba tare da izininka ba? In haka ne, wa za mu kai wa ƙararsa?

Na biyu, maganar jami'inka Berdiyor. Ina roƙon kada a taɓa masa albashi, don ban taɓa ganin mai riƙon amana irinsa ba. Tun da jirginsa ba ya iya tafiya a kan laka, da ƙafa yake sintiri, sanye da rigar ceto, usur a baki. Ran nan ina zaune a bakin ruwa na gaske, inda ruwan yake yanzu, ya zo ya yi sallama da ladabi ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ka wuce ƙwallaye. A takarda kana tsakiyar ruwa mai zurfin mita shida.” Na ce, “Ɗana, dubi takalmina, ƙura ce fal.” Ya ce, “Na gani, Baba, amma ni ba takalmi aka ba ni in yi aiki da shi ba, taswira aka ba ni.” Ya rubuta mini takardar gargaɗi, ya kuma ara mini rigar ceto don kada in nutse. Haka na wuni cikin ranar Agusta da soso a ƙirji ina zufa. Washegari ya tare jakin Norkul da ya je ɗebo ruwa, ya rubuta shi a matsayin jirgi marar lamba. Norkul ya ce masa, “Rubuta, ɗan albarka, rubuta. Ka ƙara da cewa injinsa na kuka da asuba.”

Don kada a ce Holmirza ba ya bin doka, ranar wata Alhamis na ɗauki kujerata na zauna tsakanin tsohuwar gaɓa da ƙwallaye, daidai inda dokarka ta ware mana, na sa wa ƙugiya masara na wurga a kan laka. Na yi awa huɗu a haka. Berdiyor ya zo wucewa ya ƙame ya sara mini, ya ce da kowa irina ne da ƙasa ta gyaru. Abin da kawai ya zo kusa da ƙugiyata akuya ce, ita ma ta cinye masarar ta bar mini ƙarfen.

Na uku, maganar masu babur ɗin ruwa. Tun da duk ruwan da ya rage yana bayan ƙwallaye, ya zama nasu ke nan har zuwa yatsun ƙafata. Daga birnin Tashkent suke zuwa da manyan motoci da kankana a but, su yi hayar babur, su yi ta kewaya kamar an sako su daga ɗauri. Sau tara suna tsinka mini zare. Sau biyu igiyar ruwansu na kifar mini da butar shayi, sau ɗaya ta tafi da hulata. Amma ba zan yi musu ƙazafi ba, ranka ya daɗe, 'ya'yan mutunci ne, kuma a nan matsalar take. Duk wanda ya hango farin gemu a bakin ruwa sai ya ɗora hannun dama a ƙirji ya rusuna ya gaishe ni, yadda uwarsa ta koya masa. To, a hannun dama totur yake. Shi kuwa wannan abin hawa, da ka saki totur kansa ya daina juyawa, sai ya miƙe sak inda ya fuskanta, inda ya fuskanta kuwa ni ne ake gaisarwa. Marasa tarbiyya su wuce can nesa lafiya lau, masu tarbiyya su shigo mini cikin zare. Na yi tunanin aske gemun, matata Zulhumor ta ce in na aske in nemi wani gidan. Shin akwai sashe a dokarka da zai yafe wa mutum gaisuwa in yana gudun kilomita sittin a kan ruwa?

Na huɗu, maganar kwamiti. Sau uku ina hawa bas zuwa ofishinka in roƙi a matsar da ƙwallayen zuwa inda ruwa yake. Sau uku sakatariyarka tana ba ni shayi mai kyau da alewa, Allah ya saka mata. Ta bayyana mini cewa ƙwallayen suna cikin taswira, taswirar tana da hatimi, kuma ba mai taɓa abin da ke da hatimi sai kwamiti ya je ya gani da idonsa. Na ce to yaushe kwamitin zai je? Ta ce duk shekara yana zuwa ba fashi, a watan Yuni. Ta nuna mini rahotannin shekara huɗu, kowanne ya ce an sami ƙwallaye suna yawo a kan ruwa daidai mita ɗari daga gaɓa, babu matsala. Na duba hotunan, gaskiya suka faɗa, na sha sauran shayina na fito.

Na biyar, kuma a nan alƙalamina yake nauyi. Ranar Juma'ar da ta wuce, jajibirin zaman da zan ciyar da jama'a, na sauko daga masallaci na nufi lunguna. Sati biyu ina zuba dafaffiyar masara da tunkuzar angurya a wuri ɗaya, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wajen la'asar iska ta kwanta, masu babur suka tafi cin kankana, sai na ga bayansa ya ɓullo a saman ruwa, faffaɗa, ruwan zinariya, yana kiwo a hankali yana matsowa. 'Yar ƙararrawar da ke bakin sandata ta motsa sau ɗaya. Na kai hannu kan sandar. Shekara uku nake jiran wannan motsin.

Sai ga babur guda ya ɓullo daga bayan dutse. Wani likitan haƙori ne mai tumbi, daga baya na ji sunansa Mirjalol. Na ɗaga hannu ina yi masa alama ya wuce, shi kuwa ya zaci gaisuwa ce, kunya ta kama shi cewa dattijo ya riga shi. Ya saki totur ya dafe ƙirji ya ɗaga murya, “Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki!” Babur ya miƙe sak cikin lunguna. Na ji tim. Da ruwa ya lafa sai ga Rais ya juyo da farin cikinsa sama. Likita ya diro ya rungumo shi kamar jariri, ya kawo gabana idonsa ya yi ja, yana cewa, “Baba, ka yafe mini, wallahi gaisuwa ce kawai. Karɓi, naka ne, don Allah kada ka yi mini baki.” Na ce ya tafi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tura babur ɗinsa ya tafi yana waiwaye.

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa, Berdiyor na can yana zagayen ƙwallayensa a tudu. Sai na buɗe bakin Rais na maƙala masa ƙugiyata da hannuna. Ni Holmirza, mai jikoki bakwai, na aikata haka. Da na kai shi gida Zulhumor ta dubi lotsawar da ke kansa, ta dube ni, ta ce, “Baban yara, ƙugiyar taka da guduma take tafe?” Sai ta juya ta ɗora mai a wuta.

Ranar Asabar aka ajiye faranti a tsakiyar mutum goma sha biyu. Norkul ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙe ya cire sabuwar alkyabbarsa ya yafa mini a kafaɗa, ya ce, “Jama'a ku shaida, na janye bakina. Holmirza namiji ne.” Duk tsiyarsa, yana ƙaunata. Kowa ya ci ya suɗe hannu. Ni kuwa na gutsuri gurasa ta ƙi wucewa ta maƙogwarona, kuma yau kwana huɗu ke nan haka take yi mini. Na yi baƙin cikin kifin nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya yi baƙin cikin kifi, amma alkyabbar ta fi shi nauyi.

Shi ya sa ban kawo wannan wasiƙa ofishinka a ba ni shayi ba, na aika ta jaridar gunduma. A rumfarmu Norkul ne ke karanta wa jama'a jarida, don ya fi kowa murya. Norkul, in ka iso wannan layin, kurɓi shayi ka ci gaba, kada ka tsallake. Sandar tana jingine a bayan ƙofata, na goge ta na sa mata sabon zare, alkyabbarka na ninke a gefenta. Ka zo da rana tsaka, kowa ya gani.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ba na roƙon komai don kaina, tun da ni da bakin dam sai dai kallo. Shawara ce kawai ta masoyi: ka sa a matsar da ƙwallayen nan kafin Litinin. Daga wannan ranar, Norkul ne zai zauna a lunguna, shi za a riƙa gaisarwa, kuma shi zai riƙa zuwa ofishinka. Ba ya rubuta wasiƙa, ba ya shan shayin sakatariya, kuma da jakinsa yake zuwa.

Naka mai biyayya a tudu da kuma cikin ruwan takarda, mai sunkuyar da kai ga hatiminka na farko da na biyu,

Holmirza Eshkuvatov,
tsohon mai fatsa, wanda daga gobe zai riƙa taya matarsa shanyar inabi a kan rufin ɗaki,
Yongokli.