Likitan Ƙofa da Kwaɗonsa

"Ni da kuke gani, ko gawa aka kawo mini sai ta tashi ta gaishe ni!"

Haka shugaban masu gadin masaƙarmu yake cika baki tun da aka tura shi horon yini ɗaya kan na'urar farfaɗo da zuciya, ɗan akwatin nan mai wayoyi da ake liƙa wa mutum a ƙirji idan zuciyarsa ta tsaya. Muka sa masa Likitan Ƙofa. Wai har amsawa yake.

Ni shara nake yi a wurin. Baban yara yana aiki a ɗakin injuna, kuma asibiti sun ce zuciyarsa sai lallaɓawa. Yaranmu biyar. Shi ya sa kullum kafin in taɓa tsintsiya sai na leƙa na ga koriyar fitilar akwatin tana ƙyaftawa.

Ran nan na leƙa, ba fitila, sai wani ƙaton kwaɗo a jikin akwatin kamar na shagon gwal.

"Likita, ina fitilar?"

"Iya, wannan ba harkar tsintsiya ba ce. Shan batir take yi a banza. Na cire na adana."

"To kwaɗon fa? Idan wani ya faɗi?"

"Sai a nemo ni."

Na kai ƙara wurin manaja. Washegari sai ga wata nas da tata na'urar da mutum-mutumin roba. Ta shimfiɗa shi a tsakar ma'aikata, ta dubi agogo.

"Wannan ya faɗi, ba ya numfashi. Bismillah, Likita."

Gogan naku ya laluba aljihu. Usur, tocila, tsinken sakace. Ba makulli.

"Minti huɗu," in ji nas.

"An sace! Wallahi maƙiya ne!"

Aka ɓalle kwaɗo da guduma. Ba batir. Yana can ɗakin gadi, a naɗe cikin safa.

"Minti goma sha biyu. Allah ya jiƙan roba."

Da Likita ya ga idon manaja, sai ya dafe ƙirji ya zube, rim! Nas ta duƙa, ta ga tumbi yana hawa yana sauka lafiya lau. Ta ƙyafta mini ido.

"Iya, miƙo almakashi. Tawa na'urar da batirinta."

Muka tsarge rigar. Me za mu gani? Makulli, rataye a wuyansa, yana kwance kan tumbi.

"Kowa ya matsa, zan saki wuta!"

Kafin ta rufe baki Likita ya tsallake roba, ya tsallake bokitina, ya bar takalmi ɗaya.

Yanzu ba kwaɗo, kuma ni aka ɗora wa duba fitilar da ranar lalacewar abin da ake liƙawa a ƙirjin. Barcina ya dawo.

Baban yara kuwa cewa ya yi, "Ku daina zaginsa, bai yi ƙarya ba. Gawa ta tashi. Gaisuwar ce dai ba ta tsaya yi ba."