Rediyo da Kujera Mai Juyawa

"...lafiya lau, lafiya lau, ya isa haka. Gaisuwar nan taki ta fi albashinki tsawo. Tashi mu tafi kafin a rufe kantin."

"Haba angona, ko 'ya gajiya' ba za ka bari in ƙarasa ba? Ina kake sauri da waɗannan ƙafafun? Ai ko yanzu muka tashi, sai gobe za ka kai bakin titi."

Tsohon da ake wa wannan tsiya shi ne wanda duk layin ke kira Rediyo, don in ya fara zance ba wanda ya san inda ake kashe shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana auna ƙunshin kaya yana manna kan sarki, duk a tsaye a bayan kanta. Mai tsokanar tasa jikarsa ce, nas a asibiti. In suna faɗa yakan kira ta 'Yar Allura, in yana neman wani abu a wurinta kuwa sai ta koma amarya. Ta karɓi albashinta na farko, ta kuma yi alkawarin saya masa kujera, don tasa ta ƙofar gida ta rasa ƙafa ɗaya, bulo ne ke tallafe da ita.

Sai dai ba ƙafar kujerar ce ke cin tsohon ba. Shekara da shekaru, da zarar rana ta yi sanyi, abokansa uku, Tela da Direba da Mai Agogo, sukan taru a ƙofar gidansa. Shi yana kan kujera, su suna tsugune ko jingine da bango, yana yi musu bayanin duniya. Wata biyu ke nan babu wanda ya leƙo. Duk sun koma rumfar Mai Taya, wanda ya yi kuɗi kwanan nan ya zuba kujerun roba har da fanka. Daga ƙofarsa Rediyo yana hango su, yana jiyo dariyarsu, shi kaɗai da bulonsa.

Suna shiga tasi ya buɗe tasha.

"Saurara ki ƙaru, 'Yar Allura. Mutane kashi uku ne. Akwai masu kuɗi, akwai masu hankali, akwai kuma masu bin na farko suna zagin na biyu."

"Kai kana cikin wane kashi?"

"Sai kin tambaya?"

"Na duba na farko ban gan ka ba. Na biyu kuwa an ce min ka je da takardunka aka ce an rufe ɗauka."

Direban tasin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Rediyo ya harari ƙeyarsa.

"Yi dariyarka, kai ma na uku ne. Ke kuma, da ba don hankalina ba, wa zai aure ki? Mace ana biyanta don ta soki mutane! Kuna soka, suna kuka, suna godiya. A nan na gane ɗan Adam: in ka cuce shi da farar riga, sai ya ce Allah ya saka maka da alheri."

"Za ka zo hannuna ai. Akwai wata allura da na ajiye maka, ta shanu ce."

"Ki ajiye wa Mai Taya. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba sai ya fito da harshe waje! Yanzu in ya ce rana daga yamma take fitowa, sai Tela ya ce shi ma ya daɗe yana zargin haka. Me ya canja? Kansa ne ya ƙara girma? Aljihu ne kawai ya kumbura."

"To kujerar da za mu saya ita za ta kumbura maka aljihu?"

Tsohon ya rage murya, kamar mai ba da sirrin gwamnati. "Ba kowace kujera nake so ba. Mai juyawa nake so, baƙa, mai tayoyi, irin ta shugabanmu na gidan waya. Ni na san abin da na gani. In na kawo shawara a tsaye, sai a ce in koma bakin sikelina. Bayan kwana biyu shugaba ya zauna a kujerar nan, ya juya hagu, ya juya dama, ya maimaita maganata kalma da kalma, sai ki ji tafi. Hankali ba a ka yake ba, amarya. A kujera yake. Ki saya min ita in ajiye a ƙofar gida, ki ga in ba su dawo da gudu ba."

"Au, yanzu kuma amarya ce? Ɗazu fa mai sukar mutane ce."

"Mai sukar mutane da albashi ai amarya ce."

Kantin dogo ne, yana ƙamshin sabon katako da fenti. Gadaje a jere a hagu, kabad-kabad a dama, a can ƙarshe kuma an shirya wani babban tebur da baƙar kujera mai juyawa a bayansa don masu saye su gani. Rediyo bai kalli komai ba sai ita. Mai kanti ya ce wannan ta gwaji ce, bari ya leƙa sito a baya ya ga ko akwai sabuwa a kwali. Ya fita ya bar su.

Tsohon ya gyara hula, ya zagaya tebur, ya zauna a hankali. Kujerar ta karɓe shi da wani ɗan huci. Ya ɗora hannuwa a kan tebur, ya juya hagu, ya juya dama.

"Yaya kika gan ni?"

"Kamar an ɗora ƙwarya a kan turmi."

"Hassada. Tun da na zauna na ji lissafi yana shigo min. Tambaye ni komai."

"Ina ka ajiye tabaranka?"

Ya laluba aljihu, ya laluba ɗaya aljihun. Tabaran yana kan goshinsa. Ta nuna masa da baki.

"Gwada ki nake yi," in ji shi.

Ana cikin haka wata mata ta faɗo kantin, jaka a hammata, ƙofar kabad a hannu, ƙofa guda sukutum da mariƙinta. Ta duba hagu da dama, ta hango dattijo a bayan babban tebur, ta nufo shi kai tsaye.

"Ranka ya daɗe, gara da na same ka da kanka!"

Rediyo ya kalli jikarsa, ya ɗaga gira. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa ce masa ranka ya daɗe. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ce, "Muna jin ki."

Matar ta kifa ƙofar a kan tebur har ƙura ta tashi. "Sati biyu da sayen kabad ɗin nan! Na buɗe zan ɗauki zane, ƙofa ta biyo ni! Da tsufanka, da furfurarka, kana sayar wa mutane ruɓaɓɓen katako? Ba ka jin kunya?"

"A'a, baiwar Allah, ni ba..."

"Kai ba me? Ba kai ne mai wurin ba? Wa ke zaune a kujerar?"

Ya waiga neman agaji. 'Yar Allura ta jingina da wani gado, ta naɗe hannu.

"Gaya mata mana, amarya! Gaya mata ko ni wane ne!"

"Shugaba ne," in ji ta. "Duk hankalin kantin nan a ƙarƙashinsa yake. Yi masa bayani sosai, Hajiya, yana ganewa in yana zaune."

Tsohon ya yunƙura zai tashi, hannunsa ya danne wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kujerar. Sai ta yi ƙasa da shi, suuu, har haɓarsa ta kusa taɓa tebur. Ya taka ƙasa da ƙarfi don ya miƙe, tayoyin suka kwashe shi baya, kujerar ta yi juyi biyu da shi, hula ta yi nata wuri, ya je ya daki wata katifa da aka jingine a bango. Katifar ta yi tunani kaɗan, sannan ta kwanto a kansa.

Mai kanti ya dawo ya tarar da mata biyu suna dariya har da riƙe ciki, ƙafafun dattijo kuma suna leƙowa daga ƙarƙashin katifa. Aka ɗaga, aka ciro shi. Bai ji ciwo ba, sai dai kantin gaba ɗaya yana juya masa. Matar ta ba shi haƙuri tana share hawaye, ta ja mai kanti gefe da ƙofarta. 'Yar Allura ta kama hannun kakanta ta zaunar da shi a abin da ya fi kusa, wani dogon benci na katako mai majingina.

Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo. "Zuciyar ango lafiya lau. Hankalin ne dai ban ji motsinsa ba, ina jin yana can cikin kujerar."

"Duk da haka maganata ta tabbata," in ji shi yana haki. "Kin ji da kunnenki. Ranka ya daɗe ta ce."

"Ta faɗa. Sannan ta ce ba ka jin kunya. Duka biyun na kujerar ne, tare ake sayar da su."

Ita ma ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa hularsa.

"Angona, in tambaye ka. Shekara nawa Tela?"

"Ya girme ni da biyu, ko da yake yana musu."

"Direba fa?"

"Wannan ai tare da Annabi Nuhu suka yi lasin."

"To shekara ashirin kana kan kujera suna tsugune. Ranar nan na haɗu da Tela a bakin titi, ya ce in gaishe ka. Na ce me ya hana shi zuwa da kansa? Ya ce, ''Yata, in na tsuguna a ƙofar kakanki, sai an kira mutum biyu su ɗaga ni.' Ba aljihun Mai Taya suka bi ba. Gwiwoyinsu suka bi."

"Ƙarya ne. Fanka suka bi."

"Ya kuma ce a can, in mutum ya fara magana, ana barinsa ya kai ƙarshenta."

"Ni ina hana su ne?"

"Mai Agogo ya fara ba ka labarin auren 'yarsa tun tana amarya. Yanzu 'ya'yanta uku, bai kai ga ɗaurin auren ba."

Rediyo ya buɗe baki, ya rufe. Wannan kaɗai abin a rubuta ne, don jikar ba ta taɓa ganin haka ba. Ya shafa katakon bencin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya auna tsawonsa da ido irin na wanda ya yi shekaru yana awo.

"Mutum huɗu zai ɗauka," ya ce. "Biyar in ba a gayyaci Direba da tumbinsa ba." Sai ya ɗaga murya. "Mai kanti! Wannan abin yana juyawa?"

"A'a, Baba."

"Yana sauka da mutum ba sallama?"

"Ko kusa."

"To amaryata ta matsa min sai na saya. Ka san mata."

Da rana ta yi sanyi aka sauke bencin a ƙofar gida. Rediyo ya zauna a gefe ɗaya, ya buɗe jarida, yana kallon titi ta samanta. 'Yar Allura ta tsaya a bakin ƙofa wai tana duba waya.

Can sai ga Tela ya fito da sandarsa, ya nufi rumfar Mai Taya. Ya zo daidai gidan, ya rage tafiya. Ya kalli bencin. Ya matso, ya danna shi da tafin hannu, ya juya a hankali ya zauna, ya saki wani dogon numfashi.

"Wa ya rasu ka gaji wannan?"

"Hankalina ne ya ba ni," in ji Rediyo. "Ai na daɗe ina nazari. Ka san mutane kashi uku ne. Akwai..."

Aka yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

Tsohon ya haɗiye sauran kamar mai haɗiye magani mai ɗaci. "...Kai, Tela, kashi nawa ka gan su?"

Tela ya dube shi da kyau, ko zazzaɓi ne. Sannan ya gyara zama. "Biyu ne. Masu karɓar ɗinki su yi godiya, da masu cewa ba haka suka ce a yi ba. Bari in ba ka labarin wani..." Ya ɗaga sanda ya yi wa rumfar Mai Taya alama. Mai Agogo ya miƙo wuya, ya taɓa Direba, su biyun suka taso.

Labarin Tela ya yi tsawo. Rediyo ya motsa baki sau bakwai, sau bakwai yana kallon bakin ƙofa yana fasawa. Gumi ya keto masa. Da Mai Agogo ya zauna ya ce, "To, kamar yadda nake gaya maka, ranar ɗaurin auren nan," sai tsohon ya fashe da dariya har jarida ta faɗi.

"'Yar Allura! Zo nan. Kin ci, na sallama. Allurar shanun ma da ita kika yi min da ta fi sauƙi."

"Ban ji ba, angona. Maimaita a gaban shaidu."

"Na ce kin ci! Kuma ba a ci na a tafi hannu banza." Ya nuna tsohuwar kujerarsa mai ƙafa uku da ke jingine a bango. "Ga ta can, na ba ki. Duk hankalina na shekara ashirin yana ciki. Ki kai ɗakin mijin da zai yi ƙarfin halin ƙwace min ke."

"Bulon fa?"

"Ji mace da haɗama! Ɗauki har bulon."

Ta rungumi kujerar a hannu ɗaya, bulo a ɗaya, ta shige gida tana dariya. A bayanta Mai Agogo ya ci gaba da ɗaura auren 'yarsa.