Ranar da Na Yi wa Surukina Tafinta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya faɗo daga kan rumbu ba. Tsani ne ya zame da shi a Babban Duhu, aka ɗauko shi a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a Safana. Likitar da aka tarar yarinya ce 'yar kudu mai bautar ƙasa, ba ta jin Hausa, mai yi mata tafinta kuma ya tafi jana'iza. Sai aka aika a kira ni. Wai ni ne ɗan bokon dangi (aji uku na yi na gudu, amma ban taɓa hana kowa kirana Malam ba).

Na shiga na tarar da tsoho kwance yana cije leɓe, ƙafa ta kumbura har ba a gane inda ciwon yake. 'Ya'yansa sun jeru jikin bango suna kallon bakina.

Likitar ta tambaya ina ne ke masa zafi. Ya ce, "Ka ce mata daga gwiwa ne, ya bi ƙwauri ya sauka idon sawu."

Na laluba Turancin da ke kaina kaf. Gwiwa babu, ƙwauri babu. Na ce, "Leg."

Ta ce ta gani ai, amma ina? Na ƙara cewa "leg", da ƙarfi, ko Allah zai sa ta wadatar. Ta tambaya me ya hau. Nan ma na nemi Turancin tsani na rasa.

Babban ɗansa ya ce, "Malam, Baba fa na jin jiki."

Ni da ko abinci ban taɓa ci a gaban mutumin nan ba, sai ga ni na tattare riga zuwa ƙirji, na naɗe wando, ina bubbuga gwiwata. Don in nuna mata hawan tsani na taka benci, na ɗaga ƙafa zuwa taga. Mazagin wandon ya tsinke.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Tsoho ya juya fuska ga bango ya ce, "A gaya mata na warke. Ku mai da ni gida."

Ba roƙon da ba a yi ba, ya ƙi. Mai ɗori aka kai masa, har yau yana ɗingishi, kuma in na je gaisuwa sai ta bayan zana.

Yanzu duk wanda ya ce mini Malam, nakan ce masa ya nemi Malam a gaba, ni manomin gero ne.