Allon Kwamfutar Bodil Ya Rasu a Hannun Viggo

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Bodil Kragh ta hawa na huɗu, matar marigayi Ejner direban bas, tana sanar da maƙwabta, da tsoffin abokan aikinta na kamfanin kifin gwangwani, da duk wanda ya tsaya karanta wannan takarda a bakin matattakala, rasuwar allon kwamfutarta. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ya yi shekara ashirin da uku bai gusa ba. Bai yi doguwar jinya ba. Minti arba'in ne, kuma a hannun Viggo.

Marigayin irin allunan nan ne na dā, mai ƙeya, mai nauyin ɗan maraƙi. Fari ne a ƙuruciyarsa, tsufa ya mayar da shi launin man shanu. Ba shi da surutu. In an kunna shi sai ya ce "tunnng", ya biyo da "tsss" kamar kifi a kasko, sannan ya buɗe ido a hankali irin na masu shekaru. Bai taɓa neman komai a wurin kowa ba sai a share masa ƙura ranar Asabar. In iskar teku ta taso daga tashar jiragen ruwan Hirtshals tana neman ɗage rufi, babu wuri mai ɗumi a gidan kamar bayansa.

Aikinsa ɗaya ne a duniya, kuma ya riƙe shi da amana: nuna wasan jera kifi. Kifaye na gangarowa daga sama, kana juya su kana cusawa a gwangwani kafin su yi maka yawa. Bodil ta yi wannan aikin da hannunta shekara arba'in da ɗaya, tun tana 'yar sha huɗu. Ejner kuwa bai taɓa riƙe kifin da ba a soya ba. Amma wata Lahadi mutumin nan ya zauna da silifas ya ci maki dubu arba'in da takwas da ɗari biyu, ya rubuta sunansa a layin farko na jerin gwanayen wasan, ya yi mako guda yana fito a cikin gida. Kafin ta ƙwace abinta, ya mutu. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana binsa kullum bayan karin kumallo. Daga layi na biyu har na goma duk Bodil ce. A makon jiya saura maki ɗari uku ta kamo shi. Ɗari uku! Kifi shida ke nan.

Ga yadda ciwon ajalin ya faro, don kada wani ya je kantin burodi ya ba da labarin ta wata fuska. Viggo, ƙanin Ejner, wanda ya yi ritaya daga gidan waya ya kuma yi kwas ɗin kwamfuta na sati uku a laburare, ya zo shan kofi. Bodil ta ce kwanan nan rubutun wasan yana yi mata ƙanana. Magana ce kawai. Ba ta nemi taimako ba.

"Saiti ne, Bodil," in ji shi. "Lambobin faɗi da tsayin hoto ne. Minti biyu."

"Sha kofinka, injiniya, ka bar min abina."

"Matsa dai ki ga aiki."

Ya canja lambar farko, kifayen suka miƙe suka yi tsawo kamar igiyar shanya. Ya canja ta biyu, wasan gaba ɗaya ya tsuke ya koma kamar kan sarki a tsakiyar allo, baƙi ya zagaye shi. Ya canja ta uku, rabin wasan ya tafi dama ya shige bango, har da gwangwanin. Marigayin yana ta ƙifta ido, yana jurewa.

"Mayar da shi yadda ka same shi."

"Dā a kan nawa yake?"

Jama'a ku ji. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta lambobin gidajen mutane, bai rubuta wannan ɗaya ba. Maimakon ya tsaya, sai ya gangara can ƙasan jerin lambobin ya zaɓi lambar da ta fi kowace girma, wai babba ai ya fi. Bodil ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma ta san ba a cusa babban kifi a ƙaramin gwangwani. Marigayin ya yi wani siririn kuka, "wiiii", wanda bai taɓa yi ba. Layuka suka yi ta gudu a fuskarsa. Aka ji ƙaurin ƙura. Hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, ya ce "tak".

"Ai da ma ya tsufa," in ji Viggo.

"Kai ma ka tsufa. Wa ya murɗa maka lamba?"

A yi masa adalci, washegari ya kawo nasa allon, sabon yayi, mai faɗi, siriri kamar faranti. Sai dai wasan ba don irinsa aka yi ba. In an sa masa lambobi irin na allunan dā sai ya yi baƙi ƙirin ya ƙi nuna komai. In an sa nasa, sai hoton ya cika faɗin, saman ya yanke. Layin farko ya tafi. Jerin gwanaye yanzu daga na biyu yake farawa. Viggo ya duba, ya tafa hannu.

"To ai ga shi kin zama ta ɗaya, kyauta!"

Bodil ba ta karɓar sadaka, balle daga dangin miji. Kuma ga abin da injiniyan bai hango ba: in ta ci Ejner a kan wannan faranti, sunanta ne zai hau inda ba a gani, nasa ya sauko ya zauna a saman abin da ake gani. Ta ci shi, ya kuma fito a kanta. Shi ya sa tun ranar Laraba ba ta taɓa wasan ba, kuma yatsu a shekara saba'in da bakwai ba sa jiran kowa.

Marigayin ya bar akwatin kwamfuta na ƙarƙashin tebur, wanda makin ke cikinsa lafiya lau, kuma an hana Viggo kusantarsa. Ya bar madannai masu goggaggun kibiyoyi, da ƙyallen saƙa da ake rufa masa, da Mogens, muzurun gidan, wanda ya yi shekara tara yana barci a kansa. Jiya Mogens ya gwada hawa sabon allon ya faɗa bayan tebur. Har yanzu ba ya kula kowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Viggo ne zai ɗauki gawar, shi kaɗai, hawa huɗu, a rungume, kada wanda ya kama masa. Daga nan a sa ta a kujerar gaba ta motarsa, a ɗaura mata bel, a wuce wurin ajiye matattun kayan lantarki na bayan gari. Ba a jefawa. Ajiyewa ake yi.

Kada a kawo furanni. A maimakon haka kowa ya sauka ɗakin ajiyarsa ya duba bayan kekuna da kayan Kirsimeti, ko akwai wani allo mai ƙeya da ke da sauran numfashi. Wannan nauyi na Viggo ne kafin na kowa, ko da zai kai shi har birnin Aalborg.

Bayan an dawo akwai kofi da kek a hawa na huɗu. Viggo zai sha kofi, kek kuwa sai ranar da layin farko ya dawo. Duk wanda ya kawo allon da ke nuna sunan Ejner cikakke, za a ba shi kujera kusa da tebur ya zama shaida, domin ranar da za a sauko da mutumin nan daga layin farko, Bodil so take a yi a gaban jama'a.