Wasan da ya ƙi ciyuwa

Shekara ashirin ina lodin siminti a Malbaza, buhu bai taɓa kayar da ni ba. Wasan jera tubala na cikin wayata ma na cinye shi kaf, har 'yan lodi suna kawo mini nasu in sun maƙale.

Da na je Ƙonni neman irinsa, mai cajin waya ya ce, "Kawu, kawo in duba maka." Na hana. Ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba, amma ina da ido. Na bi hotuna har na ga wani mai gida-gida, na sauke da kaina.

Gidaje ne a jere, kowane da lamba. In ka taɓa ɗaya sai ya yi shuɗi. Nan take na gane dokar: a mayar da su duka shuɗi. Sai dai in na taɓa na biyu, na farko ya goge.

Kwana huɗu ina fama. Na shaida wa kowa a bakin izini, wato masana'antar siminti, cewa wannan wasan manya ne, ba na masu ƙaramin kai ba.

Ranar ta biyar Idi direba ya leƙo ta kafaɗata. Ya daɗe yana kallo.

"Maigida, mi kake yi ma kalanda?"

Wani cikin 'yan lodi ya zauna ƙasa don dariya.

Har yau da na iso wurin lodi sai wani ya ce, "Gwani, duba muna, yau nawa ga wata?"