Hular Kuluwa Mai Shan Iska

Mu uku ne a gidanmu: ni, da Malam, da 'yarmu Kuluwa. Ɗinkin hula nake yi tun ina amarya, da shi muke ci, da shi muke sutura. Kuluwa Allah ya ba ta hannu, allurarta ba ta karkacewa. Sai dai abin da ka gaya mata, shi za ta yi, ba ragi ba ƙari. Ni da na haife ta na san haka, amma bakina ba ya tunawa.

Wata rana Alhaji Sallau, mai sarin hulunana, ya aiko cewa zanena ya tsufa. In ban kawo sabo ba kafin kasuwa huɗu, zai koma wa matan wani gari. Ga idona ya fara hazo. Na ce, "Kuluwa, sabon zane daga kallo yake farawa. Je ki kasuwa ki duba hulunan mutane, ciki da waje." Kafin azahar sai ga ladan yana sallama, sanƙo na ƙyalli. "Ina cikin cinikin albasa 'yarku ta tuɓe mini hula!" Kuluwa ta ce, "Inna, ai cikin ba ya ganuwa in tana kai." Hula bakwai na mayar ranar, ina ta ba da haƙuri.

Wata rana na ce ta zana abin da ta gani a takarda, kada ta bar komai. Ta zana hulunan tsaf, ta zana maiƙon gumi, ta zana kunnuwa. Malam ya leƙa ya ce, "Wannan ai ladan ne!" Ya yi dariya har ya ƙware.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wata rana na ce, "Ba a fara ɗinki a yadi mai kyau. Gwada a kan abin da ba shi da amfani." Ran Juma'a Malam ya ɗauko babbar rigarsa, ya tarar an yanke mata baya. Kuluwa ta ce, "Baba, kullum Inna tana cewa rigar nan ba ta da amfani." Malam ya dube ni. Ni kuma na dubi tukunya.

Wata rana dai hula ta kammala, da ja da kore da ruwan ƙwai, kyakkyawa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, don ni ko kunu na dama sai na tambayi maƙwabta. Na ce, "Zagaya ki nuna wa mutane, abin da suka kushe ki cire." Mai shayi ya ce jan ya yi yawa, ta warware. Gwaggonta ta ce koren na tsofaffi ne, ta warware. Ladan, da bai huce ba, ya kushe sauran. Ta dawo da farar hula, ba zare ko ɗaya, sai hujin allura layi-layi inda zanen ya bi. Gobe kuma kasuwa ta huɗu. Na zauna daɓas. Na ce, "Ɓoye ta inda idona ba zai gan ta ba."

Ta kai ta rumfar Alhaji Sallau, don ta san ba na zuwa kasuwa.

Washegari da la'asar sai ga Alhaji da kansa, hular a kai. "Tun safe ake tare ni ana tambaya. Ga haske, ga iska na shiga. Wa ya fitar da wannan zane?"

Na gyara mayafi na ce, "Ai ni na koya mata, mataki-mataki."

Kuluwa ta ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Sannan ta yi kuka ta ce in ɓoye."

Alhaji bai koma wa kowa ba. Sai dai har yau Kuluwa ba ta yarda a yi hujin kai tsaye. Kowace hula sai ta cika ta da zare, ta zagaya gari a kushe, sannan ta warware. Ni kuma kullum ina aika wa ladan tuwo, ban san ko ya huce ko kada ya huce nake nema ba.